Matar da Ta Ajiye Motarta Ƙarƙashin Mataccen Reshe

Kafin hayaƙi ya fara tashi daga gidajen ƙauyenmu, Berit Hallgren ta riga ta fito tana kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashin motar littattafai, wadda ke kai wa mutane littattafan aro. Motar doguwa ce, rawaya, ta tsufa har tari take yi kafin ta tashi. In injin ya kama, sai Berit ta bar shi ya yi ɗumi, ta shiga ciki ta mayar da littattafan da gargadar jiya ta zubar. Daga nan ta ajiye fulas ɗin kofi a gefen kujera, da burodi mai cuku a naɗe cikin takarda, ta kama hanya. Hanyoyin tsakuwa take bi, waɗanda suka ratsa dajin yankinmu na Småland. Ta tsaya a makarantar yara, ta tsaya a bakin coci, ta tsaya a ƙofar gonakin da babu kowa cikinsu sai tsoho ɗaya da karensa. Duk inda ta tsaya sai ta danna hon sau biyu, ta buɗe ƙofa, ta jira.

Sama da shekara talatin ke nan tana wannan zagaye. A ƙarshen watan nan za ta ajiye makulli. Motar ma an ce ta gama nata aikin, kuma ba a maganar sayen wata.

Ni sunana Tage. A injin yanka katako na yi aiki har kaina ya yi fari, kuma yabon mutum ba sana'ata ba ce. A nan in muka ce wa mutum "ba laifi", to mun kai ƙarshen yabo ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a kanti da bayan coci, wai Berit ce ta raba Evert Johannesson da gidan kakanninsa. A gabana aka yi komai. Ina so mutane su ji yadda abin ya faru kafin ta ajiye makullin, ba sai ranar da za a kawo mata furanni ba ta iya shinshinawa ba.

Zaman karatunmu na ranar Laraba guguwa ce ta haife shi, guguwar nan ta watan Janairu da har yau ba ma son kiran sunanta. Mun kwanta da daji, muka wayi gari babu daji. Itatuwan da kakanni suka dasa domin jikoki suna kwance a kan juna kamar an zubar da kwalin ashana. Maza suka daina magana. Sai ka ga mutum ya tsaya a bakin abin da a da dajinsa ne, hannu cikin aljihu, har duhu ya rufe shi. Wasu ba su ga bazarar shekarar ba, kuma ba itace ne ya faɗo musu ba.

A cikin wannan hali Berit ta fara leƙo kai ta tagar mota tana gaya wa duk wanda ta gani cewa ranar Laraba da yamma za a karanta littafi a tsohon ɗakin taro, littafi a kan daji, kuma akwai kofi da burodin kirfa.

Gullvi, mai kiwon shanun madara, wadda bakinta ba ya da birki, ita ta fara tare ta.

"Ke Berit, kanki ɗaya kuwa? Mutum ya binne matarsa jiya, yau ki kawo masa hoton bikinsu?"

Berit ta ce, "To a kan me suke tunani dare da rana in ba dajin ba? Gara su yi tunanin a ɗaki mai ɗumi, ga mutane a gefe."

"Ba wanda zai zo."

"Ke za ki zo, ko don ki ga ba wanda ya zo."

Gullvi ta zo. Ni ma na zo, kuma burodin kirfar ne ya kawo ni, kowa ya san haka.

Tsarin zaman irin wanda muka gada ne: babu malami, babu ɗalibi. A zauna a kewaye tebur, littafi ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya karanta shafinsa da ƙarfi, sannan a rufe shi a yi gardama. Berit ce ke zaɓo littattafan. Mun karanta a kan ƙasa da ƙwarin da ke cikinta, da tsuntsayen da suka daina zuwa, da dalilin da ya sa tafkunanmu suke ƙara yin baƙi. Mun karanta wanda ya ce dajin da aka dasa iri ɗaya a layi ɗaya tare yake faɗuwa, ranar nan kuwa saura kaɗan a ba hammata iska, don kowa a ɗakin haka ya dasa nasa. Wata rana muka kai ga wani littafi da ya ce itatuwa suna ciyar da juna ta saiwa, har suna jin ciwon maƙwabci.

Na ce, "In haka ne, ni na fi kowa zunubi a ɗakin nan."

Gullvi ta ce, "Wannan ai mun daɗe da sani, ba sai littafi ya gaya mana ba."

Berit ta dube ni ta saman gilashin idonta. "Ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, Tage?"

"Ban yarda ba."

"To kawo dalilinka. Ba mu taru don mu ce wa littafi amin ba."

Haka take. Ba ta taɓa gaya mana abin da za mu ɗauka daga littafi ba. Ita dai ta ga bakin da ya kulle ya buɗe. Na ga ƙarti da ba su yi kuka a bakin kabari ba suna share ido a kan shafin da ke bayanin yadda tsiro ke fitowa daga ruɓaɓɓen kututture.

Evert na cikin waɗanda ta sha wuya kafin ta jawo. Matarsa ta rasu tun kafin guguwar. Dajinsa ya tafi gaba ɗaya. Sannan a wajen aikin kwashe itatuwan da suka faɗi, ɗansa Jonas ya sa zarto a wani gungume da iska ta lanƙwasa, gungumen ya ƙwace ya buge shi a ƙirji. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Daga nan Evert ya rufe ƙofa. Berit ba ta je yi masa wa'azi ba. Ta ce masa bayanta na ciwo, tana neman wanda zai riƙa ɗauko mata akwatin kofuna daga mota zuwa ɗakin taro. Ya ɗauko akwatin, ya zauna kusa da ƙofa da hularsa a kan gwiwa, kamar mai shirin gudu. Shekaru suka yi ta wucewa yana zuwa. In littafi ya zo hannunsa yakan karanta a hankali, yana bin layi da ɗan yatsa.

Abin da ya riƙe Evert a duniya kuwa, ban da Larabar, ita ce bishiyar tsakar gidansa. Duk tsohuwar gona a nan tana da irinta, wadda aka dasa ranar da aka kafa gidan, muna ce mata mai gadin gida. Ba a karya ko ganyenta. A gidansu Evert, in an yi haihuwa uba yakan zuba mata giya a gindi ya gaya mata sunan jaririn, in kuma za a fita da gawa sai an tsaya da ita a inuwarta. Tsofaffi suna cewa ranar da ta tafi, mutanen gidan ma sun tafi. Yau in ka tambayi ɗan ƙauyenmu zai yi dariya ya ce camfi ne. Amma miƙa masa zarto ka ce ya taɓa tasa, ka ga yadda zai tuna yana da aiki a wani wuri.

Ta Evert irin wadda muke kira ask ce, ƙatuwa, mutum uku ba sa kewaye ta da hannu. Guguwar da ta kwantar da dajinsa ba ta ɗauki ko reshenta ɗaya ba. Ya taɓa ce mini, "Tunda ta tsaya, ni ma zan tsaya." Kowace safiya kafin ya sha kofi sai ya fita ya ɗora mata tafin hannu.

Sai cutar nan ta shigo ƙasar, wadda iska ke ɗaukowa, mai bin itatuwan ask tana kashe su daga sama zuwa ƙasa. Muka fara ganin kan bishiyar Evert yana sanƙo. Ganye ya yi baƙi tun rani bai ƙare ba. Rassa suka bushe ɗaya bayan ɗaya, babban cikinsu kuwa shi ne wanda ya miƙe a saman rufin ɗakin da Evert ke kwana.

Kowa ya gani. Mai kai wasiƙa ya gani, limamin coci ya gani, ni ma da na ƙare rayuwata cikin itace na gani. Ba wanda ya buɗe baki. Mu mutanen kara ne, karar da ta yi yawa har ta zama ciwo. Ba ma shiga harkar maƙwabci sai ya kira mu, shi kuma ba zai kira ba don kada ya dame mu. In mun wuce ta ƙofarsa sai mu ɗaga kai mu ce, "Bana fari ya hana ganye," shi ma ya ce, "Ai kuwa fari ne." Da haka za mu raka mutum har kabari muna gaishe shi da ladabi.

A lokacin sanyin shekarar Berit ta kawo sabon littafi, a kan cututtukan itatuwa. Muka bi shi a hankali har muka kai babin ask. Gullvi ce ke karatu. Ta karanta yadda ganye ke baƙi, da yadda sama ke bushewa, da yadda bishiyar ke fitar da ƙananan tsiro a jikinta kamar mai neman numfashi. Muryarta ta fara ragewa. Da ta kai inda aka ce gindin yakan ruɓe ta ciki alhali daga waje lafiya lau, sai ta tsaya cak, ta ce idonta na ƙaiƙayi. Tun da nake ban taɓa ganin Gullvi ta rasa bakin magana ba sai ranar.

Berit ta miƙa hannu ta karɓi littafin, ta karanta sauran har ƙarshe. Irin wannan bishiya, in ji littafin, ba ta warkewa, kuma takan faɗi ba tare da gargaɗi ba.

Evert ya ɗago kai ya dubi Berit.

"Ke kika zaɓi littafin nan?"

"Ni na zaɓa."

"Saboda ni?"

"Saboda kai, Evert."

"A gaban mutane."

Ta ce, "Na sha tsayawa a ƙofarka da niyyar in gaya maka, sai bakina ya ƙi. Da littafi kaɗai na iya."

Ya miƙe ya sa hula ya fita. Kofinsa ko rabi bai sha ba, kuma a nan mutum ba ya barin kofin da aka zuba masa sai abin ya kai maƙura.

Ba zan ce ba ta yi kuskure ba. Wataƙila da ta same shi shi kaɗai. Amma mu da muka fi ta sanin itace, muka fi ta daɗewa da shi, me muka yi? Maganar fari muka yi ta yi masa.

Sanyi biyu Evert bai taka ɗakin taro ba. Berit kuwa duk Talata, ranar da zagayenta ke bi ta gonarsa, sai ta tsaya a ƙofa, ta danna hon sau biyu, ta buɗe ƙofar mota, ta jira. Labule ya motsa, ba wanda ya fito. Ta rufe ta wuce. Mako na zagayowa ta sake tsayawa. 'Yarsa Malin, wadda ke aikin jinya a birni, ta zo ta ga bishiyar hankalinta ya tashi.

"Baba, ko a sare ta, ko ka tattara ka biyo ni."

"Sai dai a fitar da gawata."

"To ko gadon ne ka mayar ɗaya ɗakin."

"A ɗakin nan aka haife ni. Ki gaishe da yaran."

Ta koma birni tana kuka. Duk lokacin da aka ce za a yi iska sai ta kira ni a waya, in je in leƙa ko rufin yana nan.

Ranar da abin ya zo ƙarshe ina cikin motar, don a lokacin bayan Berit ya fara ciwon gaske, ni nake ɗaga mata akwatuna. Kaka ce, iska na kaɗawa sosai, irin wadda ke tura mota gefe. Muka iso ƙofar Evert. Maimakon ta tsaya inda ta saba, sai ta karya kan motar ta shige tsakar gidan, ta je ta tsaya daidai ƙarƙashin mataccen reshen nan, ta kashe inji.

"Tage, sauka ka koma can bakin rijiya."

"Ke fa?"

"Ni lokacin kofina ya yi."

Na sauka, ba na ɓoyewa, da sauri ma na sauka. Reshen yana ƙara a sama kamar tsohuwar ƙofa. Ita kuwa ta buɗe fulas ta zuba kofi, ta kwance burodinta.

Evert ya fito a guje, ko takalmi babu, safa ce kawai a ƙafarsa.

"Ke Berit! Fitar da motar nan!"

"Sannu da gida, Evert. Akwai kofi."

"Ba ki da ido ne? Dubi sama! Reshen nan a mace yake, yanzu iska za ta sako miki shi a ka!"

"A mace yake?"

Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ya ji abin da ya faɗa. Hannunsa da ya ɗaga ya sauko a hankali.

Ta ce, "Ashe ka sani."

"Na fi ki sani. Tun kafin littafinki na sani."

"Kai kullum a ƙarƙashinsa kake kwana. Ni ɗan lokacin kofi kawai nake nema, duk Talata. In ya dace da kai, ni ma ya dace da ni."

"Ke kina da jikoki."

"Kai ma kana da 'ya."

Ya zauna a kan matakalar motar, a ƙarƙashin reshen shi ma. Daga bakin rijiya nake jin su, iska na kawo mini maganar guntu-guntu.

Ya ce, "Ni na gaya wa bishiyar nan sunansa. Ranar da aka haifi Jonas, da hannuna na zuba mata giya. A kanta ya koyi hawa. A inuwarta aka tsaya da shi. Ita kaɗai ta rage a gidan nan da ta san shi. In na sare ta, wa zan riƙa yi wa maganarsa da safe?"

"Mu. Ba mu kai ta haƙuri ba, Gullvi ma sai ta katse ka, amma muna da kunne."

"Kin san abin da ake cewa in ta tafi."

"Na sani. Ba zan ce maka ƙarya ne ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne, in ta faɗo maka, Malin ce za ta zo ta ɗaga rufin ta gan ka."

Wani ƙaramin reshe ya ɓalle ya daki saman motar. Evert ya zabura.

"Matsar da motar tukuna."

"Ka ce a sare."

"Berit, don Allah matsar da motar nan."

"Ka ce."

Ya ɗaga kai ya dubi reshen. Sannan ya ce, "A sare," da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ta tayar da inji ta ja baya. Da na koma cikin motar na ga ta kasa rufe fulas, kofin ya zube mata a cinya. A ranar na ji tsoron matar nan, kuma a ranar na san ba ni da abokin da ya kai ta.

An sare bishiyar da ƙasa ta daskare. Masu hawa da igiya aka kira, suka riƙa sauke ta gunduwa-gunduwa daga sama. 'Yan zaman Laraba duk mun je, muka tsaya a gefe. Kafin a tayar da zarto Evert ya cire hula, ya zuba mata giya a gindi, ya ɗora goshinsa a jikinta ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya matsa kusa. Da aka kai gindin na sa hannuna a ciki, sai ya nutse kamar cikin jiƙaƙƙen burodi. Abin da ke riƙe da wannan ƙatuwar bishiya bai wuce faɗin tafin hannu ba a kewaye. Kafin sanyin ya fita aka yi wata iska da ta yaye rufin rumbuna biyu a ƙauyen.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ji daɗin rubuta shi. Evert ya dawo zaman Laraba, ya kuma yi mana maganar Jonas, har abubuwan da ba mu taɓa sani ba. Gullvi ko sau ɗaya ba ta katse shi ba. Amma gidan ya ƙi zaunuwa. Ya ce mini in ya fito da safe sai ya rasa inda zai sa hannunsa, gidan ya yi tsirara, sama ta yi yawa. Ya rame. Ya fara manta tukunya a kan wuta. Da bazara ya zame a bakin ƙofa ya karya ƙugu, daga asibiti kuma bai koma gida ba, Malin ta sama masa ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ita. An sayar da gonar ga wasu baƙi masu zuwa hutun rani kawai. Mutanen kirki ne, sun jera tukwanen furanni a kan kututturen.

Shi ke nan bakuna suka buɗe, bakunan da suka yi shiru lokacin da ake bukatarsu. Ai ga shi, bishiya ta tafi, mutanen gida sun tafi. Da an bar tsoho da abinsa. Wa ya aike ta?

Ita ma Berit abin bai bar ta ba. Wata rana muna tafe a mota ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tage, da na ƙyale shi, da ya mutu a gadonsa, a ɗakin da aka haife shi, ƙarƙashin bishiyarsa. Wataƙila abin da yake so ke nan. Ni na hana shi. Na yi daidai kuwa?" Na juya ina kallon daji ta taga. Har yau in na tuna yadda ta faɗi maganar sai zuciyata ta yi nauyi.

Duk ranar Lahadi takan shiga jirgin ƙasa ta je birni ta karanta masa. Makon jiya na bi ta. Evert yana zaune a keken guragu a bakin taga, ya ƙanƙance, hularsa a kan gwiwa. Tunaninsa yana zuwa yana tafiya. Malin ta tare mu a ƙofa ta ce kullum tambayarsa ɗaya, ko bishiyar tana nan, su kuma sukan ce masa tana nan, don hankalinsa ya kwanta. Ta roƙe mu mu ma mu ce haka.

Berit ta zauna ta buɗe littafi a kan tsuntsayen da ke ƙaura, ta karanta masa shafi biyu. Yana saurare, ido a rufe. Can ya buɗe ido ya dube ni.

"Tage, ka bi ta gida? Tana nan?"

Na ce, "Tana nan, Evert."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya juya wajenta.

"Berit, tana nan?"

Ta rufe littafin, ta kama hannunsa da hannu biyu.

"An sare ta, Evert. Kana wurin. Kai ka ba da izini, kai ka yi mata sallama."

Malin ta juya baya ta rufe fuska. Hawaye suka gangaro wa tsohon, bai share ba, Berit ma ba ta saki hannunsa ba.

Sannan ya ce, "Na sani. Wani lokaci nakan manta, amma yau na sani. So nake in ji ko akwai sauran wanda bai ɗauke ni matacce ba." Ya ja numfashi. "Ci gaba da karatun. Ina tsuntsayen suka kai?"

Berit, ke ce wadda ta shigo mana da littafi lokacin da muka rasa bakin magana. Ke ce kika zaunar da masu sare daji da masu kukan daji a tebur ɗaya, kika bar su suka yi gardama har suka zama abokai. Ke ce kika faɗi abin da ƙauye guda ya gani ya haɗiye, kika ɗauki fushin, kika ɗauki tsegumin, kuma ba ki daina tsayawa a ƙofa ba. Kin tambaye ni ko kin yi daidai, na kasa ba ki amsa. Evert ya ba ki ita ranar Lahadi, a gabana. Bai samu mutuwar da ya so ba, gaskiya ne. Amma ya samu shekarun da ya kira sunan ɗansa a gaban masu amsawa, 'yarsa kuma tana riƙe hannunsa da ɗuminsa.

Mun gode, uwar Laraba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba bayan nan naki sauƙi. Zaman karatun ba zai mutu ba, Gullvi ta rantse ita za ta riƙa zaɓo littattafai, Allah ya jiƙanmu.

Ku kuma da ke karanta wannan, kowannenku ya san wani maƙwabci da ke kwana a ƙarƙashin abin da kowa ya ga ya mutu. Kun daɗe kuna wucewa kuna yi masa maganar fari. Ku shiga ku gaya masa. Zai yi fushi, zai rufe muku ƙofa, wataƙila ya daɗe bai buɗe ba. In mako ya zagayo ku koma ku tsaya a ƙofar.